Leɓe, ƙura da ƙafar hagu

Duk wanda ya ce maka busa ƙahon tagulla na badujala aikin ƙirji ne, bai taɓa ɗora shi a baki ba. Na ga ƙarti masu faɗin kafaɗa sun hura har jijiyar wuya ta miƙe, abin da ya fito bai wuce huci ba, sai wani siririn yaro ya karɓa ya fitar da sautin da ake ji daga bakin kasuwa. Sautin a leɓe yake. Za ka matse leɓɓanka, iska ta ratsa su suna karkarwa, ita kuwa tagullar aikinta kawai ta ɗauki karkarwar nan ta daidaita ta, ta ƙara mata amo.

Wanda ya koya mana wannan a sakandare, a garin Wad Madani na ƙasar Sudan, wajen ƙarshen shekarun 1980, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne da ya yi ritaya. Ustaz muke ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe alli ba. Da farko ko taɓa ƙaho bai bari mun yi ba. Bakin kawai ya raba mana, ɗan ƙoƙon ƙarfen nan da ake cusawa a kan bututun, ya ce kowa ya je ya yi ta fama. In ya ga kumatuna sun kumbura sai ya sa yatsa ya danna: “Ya walad, ba algaita ba ce.” Ya san ta daga bukukuwan unguwarmu, ya kuma san mai algaita a kumatu yake tara iska don kada busarsa ta yanke. A ƙahon tagulla kuwa kumatu a ɗame ake son su, iska daga ciki take tasowa.

Rigimar tana gida. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, suka ya da zango a Mai Wurno, zango ya zama gida, daga baya aikin auduga na Jazira ya jawo su Madani. Baba tela ne, amma allo ya gada, da shi kuma yake tinƙaho. Da ya ji ina tsuwwa a bayan ɗaki ya tambayi dalili, amsarsa ɗaya ce: “Gidan nan ba mu gaji roƙo ba.” Hajiya kakata ta ɗora da cewa ita a saninta kakaki sarki ake busa wa, to ni wane sarki zan busa wa?

Yadin kaki ne ya raba gardama. Makaranta ta ba mu yadi kowa ya kai a ɗinka masa, ni kuwa telana yana gida. Baba ya duba samfurin, aljihu biyu a ƙirji, maɗauri a kafaɗa, ya ce, “Au, ashe aikin soja ne.” Ya gwada ni, ya ɗinka, ya kafa sharaɗi: ba busa a gidan biki, ba busa bayan magariba. Har gobe abin yana ba ni dariya. Ƙahon ɗaya ne, leɓen ɗaya ne. In an liƙa maka kuɗi a goshi maroƙi ne kai, in ka tsaya a sahu da kaki ka zama ɗan gwamnati. Ban yarda da wannan rabon ba, don mai algaitan unguwarmu ya fi mu duka iya sarrafa numfashi, amma a lokacin bakina alekum na yi na karɓi rigata.

Da begila kowa ke farawa, wadda a nan ake ce wa buruji. Ba ta da maɓalli ko ɗaya, sauti biyar ne ake samu a cikinta ba wahala, kuma leɓe ne ke zaɓar wanda zai fito: ka ƙara matsewa ya hau, ka sassauta ya sauka. Sai Ustaz ya gamsu sannan ya miƙa maka turumbet mai maɓallai uku. Bututunta in an warware bai kai mita ɗaya da rabi ba. Kowane maɓalli in ka danna yana buɗe wa iska ƙarin hanya, bututu ya ƙara tsawo, sauti ya sauka. Na tsakiya rabin mataki yake saukarwa, na farko mataki guda, na uku ɗaya da rabi, da haɗa su ake cike giɓin da begila ta bari. Wasu Jamusawa biyu, Stölzel da Blühmel, su suka yi rajistar wannan dabara a 1818, sai dai ba su yi lissafi da habub, guguwar ƙurar Sudan, ba. In ƙurar nan ta taso ta rufe gari, washegari maɓalli sai ya shige ya ƙi dawowa. Man da aka yi don shi ba ya samuwa, don haka man keken ɗinkin Baba nake ɗiba, mu sirka da ɗan kananzir. Warin yana nan a hancina. Ruwan da ke taruwa a lanƙwasar bututu kuma, wanda 'yan kallo ke ƙyama in mun zubar, yawancinsa tururin numfashi ne da ya huce a jikin ƙarfe.

Duk wannan a tsaye ne. Maci shi ne wuyar aikin, nan ne da yawa suka ajiye ƙaho. Taku wajen 120 ake yi a minti, da hagu ake farawa, kuma duk dukan babbar ganga mai nauyi a kan ƙafar hagu yake sauka. Daga ƙugu zuwa ƙasa kai soja ne, daga ƙugu zuwa sama dole ka zama kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike fal, don in ka buga diddige da ƙarfi girgizar za ta hau har leɓe, sautin ya yi rawa. Ga ɗan katin waƙa maƙale a kan ƙaho kana karantawa, ga wutsiyar ido tana auna kafaɗar na kusa da kai, ga ramukan titi. In za a sha kwana, na ciki ya rage taku, na waje ya buɗe ƙafa, ba tare da kiɗa ya canza ba. Masu turumbon gaba ake sa su saboda zariyar ƙarfen da suke turawa, kada ta zunguri ƙeyar wani. Mutane mai jefa sanda suke kallo, suna tafa masa, alhali ragamar duka tana hannun mai babbar ganga. Ranar da ya ji yunwa ya yi sauri don a tashi a je ga ful, dafaffen wakenmu, mu duka sai mun bi shi muna haki.

Babbar ranarmu 1 ga Janairu, ranar da Sudan ta sami 'yancin kai a 1956. Taken ƙasa gajere ne, kuma a bakin ƙaho ya fi zama, ba mamaki, tun da wanda ya tsara kiɗansa, Ahmad Murjan, mutumin badujalar soja ne. Matsalar ranar sanyin safiya ne. Ƙaho mai sanyi sautinsa ƙasa yake yi, in rana ta ɗaga ya ɗumama sai ya hau, shi ya sa za ka ga yara sun ɓoye bakin ƙahon a aljihu suna hura iska mai ɗumi a bututu kafin manya su iso. A watan Mayu kuwa, da zafi ke haura digiri 40, wanda ya bar nasa a rana leɓensa ne zai gaya masa.

Yaƙi ya iso Madani a Disamban 2023, muka kwaso iyali zuwa Gadarif. Makarantu a rufe, yara cike da tsakar gida ba aikin fari ba na baƙi. Sai na sayo tiyon ban ruwa na yanka mita ɗaya da rabi, na cusa mazurari a ƙarshe ɗaya, na ɗaure wuyan gorar roba a ɗayan. Sautukan begila yake bayarwa, ko da yake a shaƙe. 'Yar ƙanwata ce ta fara haɗa uku a jere, mazan suna ta kumbura kumatu. Maƙwabci ya leƙo ya ce, “Malam, don Allah ban da irin busar bariki, zukata ba a kwance suke ba.” Gaskiyarsa. Muka koma lalubo waƙoƙin gaɗa da sauti biyar zai iya ɗauka, tsakanin la'asar da magariba.