Ranar da Inna ta zura zare a allura

Asabar, bayan kowa ya kwanta.

Yau Inna ta zura zare a kafar allura da hannunta, ba wanda ya taya ta. Ina so in rubuta shi kafin barci ya kwashe ni, don irin wannan abin ne ake mantawa bayan mako guda, sai dai a riƙa cewa ai dama ta warke.

Tun ranar da santsi ya ɗebe ta, tsintsiyar hannunta na dama ta karye, take zaune a wurinmu. An yi ɗori, an kwance, ƙashi ya kama, amma yatsun sun sandare, ba sa bin umarninta. Likitan gashin ƙashi ya ba ta aikin yi kullum: ta riƙa matsa ƙwallon roba, ta riƙa taɓa kan kowane yatsa da babban yatsanta, ta riƙa tsince ƙananan abubuwa daga faranti. Tana yi, ba fashi, ba ƙorafi. Sai dai ni na san abin da ke cin ta. Mace ce da ta yi rayuwarta da allura a hannu, ba mu taɓa fita da yagaggen tufafi ba muna yara, ga shi yanzu ko maɓallin rigarta sai an ɓalla mata. Duk lokacin da na sunkuya zan yi mata, sai ta kawar da kai ta dubi bango.

Da hantsi na shirya kayan zanena a bakin taga, da niyyar in zana furen da ke cikin tukunya. Na manne takarda a katako da salatif, na tarar maigida ya riga ya cika mini kwalabe biyu da ruwa, ɗaya ta wanke buroshi, ɗaya ta tsabtataccen ruwan haɗa launi. Ina cikin feƙe fensir sai ga Auta da rigar makarantarsa, maɓalli ya tsinke. Yayarsa ta ɗauko gwangwanin allura za ta kawo mini, sai muka ji Inna ta ce, "Miƙo nan."

Ba wanda ya yi magana. Ta gyara zaman tabarau, ta tsinke zare da haƙori, ta lashi bakinsa, ta murza shi tsakanin yatsu. Ta ɗaga allurar da hagu ta saita ta da hasken taga. Hannun daman yana rawa, zaren ya zo bakin kafa ya lanƙwashe. Ta sake lasa, ta sake murzawa, ya sake kaucewa. Auta ya matso zai karɓa, na tsayar da shi da ido. Na ga ta jingina gwiwar hannunta a cinya don rawar ta ragu, ta riƙe numfashi, sai ga bakin zaren ya leƙo ta ɗaya gefen. Ta kamo shi da farce, ta ja shi har tsawon kamu, ta ƙulla bakinsa kamar yadda ta saba, kamar ba abin da ya faru.

Auta ne ya fasa ihu: "Kaka ta zura! Abba, fito ka gani, Kaka ta zura!" Maigida ya fito da gudu, hannunsa duk kumfar sabulu, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Barka, Inna. Alhamdulillahi." Ita kuwa ta ce, "Sannu sannu kwana nesa," ta ci gaba da neman ramin maɓalli. Amma na ga gefen bakinta yana motsi, murmushi take dannewa.

Nan take na fasa zanen fure. Na juya kujerata na ce, "Inna, ki bar ni in zana hannunki."

"Ke 'yar nan, me za ki zana a hannun tsohuwa? Duk jijiya ne."

"Ki ci gaba da ɗinkinki kawai, kada ki kula ni."

Da ta gama maɓallin, sai 'yata ta kawo mata siket da bakinsa ya warware, don ɗinkin ya daɗe in samu lokaci. Yarinyar nan akwai hankali.

Fentin ruwa ba ya jiran mutum, kuma ba a fara shi da duhu. Daga haske ake tashi, a bi a hankali zuwa inuwa, domin babu farin da za ki shafa daga baya ya yi kyan farin takardar kanta. Kafin buroshi ya taɓa ruwa sai kin yanke shawarar inda haske yake, kin kewaye shi. Na yi wa hannayen zane mara nauyi da fensir, na sa alama a ƙashin yatsu da farce inda hasken taga ke sauka, sannan na jiƙa wurin fatar da ruwa zalla, na jira har sheƙin ruwan ya fara dusashewa. Wannan ɗan lokacin shi ne komai. In kika sa launi takarda tana ninkaya da ruwa, zai bazu ya fita daga iyaka. In kika ɗiga ruwa bayan ta fara bushewa, zai ture launin da ke ƙasa ya bar tabo mai baki-baki. Takardar da nake amfani da ita ta auduga ce zalla, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, shi ya sa take shan ruwa ba ta kumbura sosai, take kuma ba ni ɗan sarari kafin ta bushe.

Launi biyu kacal na fi dogara da su yau. Na farko jan ƙasa ne da ake kira siyena, sunan da ya samo daga birnin Siyena na Italiya. Ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe a ciki, ɗanyarta ruwan ɗorawa ce, in an gasa ta sai ta koma ja mai duhu. Na biyu shuɗin ultramarin ne. A da, dutsen lazuli ake niƙawa a fitar da shi, ana haƙo dutsen daga tsaunukan Badakshan na Afganistan, har akwai zamanin da ake gwada tsadarsa da ta zinariya, kafin Bafaranshe Jean-Baptiste Guimet ya ci kyautar haɗa na masana'anta a 1828. Yau ga shi a ɗan akwatina ina zana inuwar yatsun mahaifiyata da shi. In aka haɗa waɗannan biyun, suna ba da kowane irin ruwan ƙasa da toka-toka, daga mai ɗumi zuwa mai sanyi, kuma garin shuɗin yakan kwanta a ƙananan ramukan takarda ya bar ɗige-ɗige. A fatar tsoho ba abin da ya fi wannan dacewa.

Sai da na fara neman launi sannan na ga abin da ke hannun nan. Ashe ba launi ɗaya ba ne. Bayan hannun akwai shuɗi-shuɗi a inda jijiya ta taso, gaɓoɓin sun fi duhu, tafin kuma yana da ja a gefensa. Hannun daman ya fi na hagu siranta har yanzu, fatarsa ta ɗan yi haske a inda ɗori ya zauna. A kan yatsanta na tsakiya akwai kanta, wurin da ta shekara da shekaru tana tura gindin allura da shi. Hannun nan ya yi mini wanka, ya yi mini kitso, ya dafa goshina ina zazzaɓi, amma ban taɓa zama na ƙura masa ido na sa'a guda ba sai yau.

Abin da ya sa nake riƙe da wannan sha'awar ke nan, duk da ba sana'ata ba ce, ba kuma na sayarwa. Mutanen gida ɗaya sukan saba da juna har su daina kallon juna. Muna gaisawa, muna hidima, muna ƙaunar juna ba shakka, amma ido yana wucewa ne kawai. Zane yana tilasta mini in tsaya. Kuma na lura ƙananan nasarori irin ta yau ba sa zama abin murna sai in akwai wanda yake kallo a lokacin da suka faru. Da ina wani ɗakin, da maɓalli kawai za a ɗinka, a sa riga, shi ke nan.

Da fatar ta bushe sai ta yi haske fiye da yadda na sa ta, haka fentin ruwa yake, don haka na ƙara shafi na biyu a inuwa. Ƙashin yatsa ɗaya ya yi duhu, na goga masa danshin buroshi na danna tsumma, launin ya ɗago. Ƙaro ne ke riƙe garin launin a jikin takarda, shi kuwa ƙaro ruwa na narkar da shi, shi ya sa ake iya ɗaga wani abu ko bayan ya bushe. Zaren ne na bari ƙarshe. Na jira komai ya bushe ƙayau, na ɗauki bakin reza na karce siririn layi daga allura zuwa yatsunta, farin takarda ya fito.

Na miƙa mata. Ta daɗe tana dubawa, ta kai yatsa za ta taɓa, ta fasa. Sai ta ce, "Hannun mahaifiyata ne wannan." Ban taɓa ganin kakata ba, ta rasu kafin a haife ni, ba ta kuma bar hoto ba. Na tashi na shiga ɗaki na ɗan jima.

Da la'asar yara suka ce sai an yi biki. Suka yanka ragowar takarduna, suka shafe su da duk launin da ke akwatin, suka jera a igiya daga taga zuwa ƙofa. Auta ya sa rigar makarantar a ranar hutu, yana zagaya gida yana nuna wa kowa maɓallin. Maigida ya ce kowa ya faɗi abu ɗaya da Inna ta taɓa ɗinka masa. Da aka zo kansa sai ya ce aljihun wandonsa, tun farkon aurenmu, wanda ta gani a shanya ta gyara ba ta gaya wa kowa ba, shi kuma ya gane ɗinkin ba nawa ba ne. Inna ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Ni ma yau na fara jin labarin.

Mutumin nan ba mai yawan magana ba ne, ban kuma taɓa jin ya yabi zanena da dogon bayani ba. Amma shi ke yanka mini manyan takardu gida-gida da ruler, shi ke wanke kwalabe, shi ya matsar da teburinsa daga bakin taga don in samu hasken safe. In na zauna zane, sai ya janye yara zuwa waje ba tare da na roƙa ba. Ina ganin ƙauna irin wannan ta fi wuyar zanawa, don ba ta tsayawa wuri ɗaya a kalle ta.

Na tuna da Carl Larsson, mai zanen ƙasar Suwidin da ya rayu daga 1853 zuwa 1919. Ya tashi cikin talauci a Stockholm, ya rungumi fentin ruwa sosai a wani ƙauyen Faransa a 1882, a nan kuma ya haɗu da Karin wadda ya aura. Mahaifinta ya ba su ɗan gida a Sundborn a 1888, suka haifi 'ya'ya takwas, kuma abin da duniya ta fi saninsa da shi shi ne zanen gidan nan: yarinya tana ba fure ruwa, wata tana karatu, ɗaki bayan an tashi daga barci. Abin da ya fi taɓa ni shi ne Karin ma mai zane ce, ta ajiye buroshi ta koma saƙa da ɗinki, kuma yawancin labule da shimfiɗun da ake sha'awa a hotunansa aikin hannunta ne. A ganina ba a ba ta rabonta na yabo yadda ya kamata ba. Mai allura yakan ɓace a bayan mai buroshi. Shi ya sa a ƙasan zanen yau na rubuta ranar, na rubuta "Inna tana ɗinki," na kuma ba ta fensir ta sa alamarta da hannun daman kusa da tawa. Rubutun ya karkace, amma nata ne.

Bayan magariba muka kira Yaya ta bidiyo. Tana ganin zanen ta fashe da kuka, tana share hawaye ta ce lallai a aika mata, ita ce babba. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, wannan na gidan nan ne, zan yi miki wani." Ta ce ba zai zama ɗaya ba. Gaskiyarta, fentin ruwa ba ya maimaita kansa, ruwan yau ba zai bi hanyar da na gobe zai bi ba. Amma Inna ta ce akwai sauran kayan gyara a gidan, za ta sake zama, in sake zanawa.

Maigida yana so a rataye shi a bangon da ke fuskantar taga, na ce a'a. Rana tana cinye launin ruwa a hankali. Ko zomon da Albrecht Dürer ya zana a 1502, wanda ke ajiye a gidan tarihin Albertina na Biyana, ba kasafai ake fito da shi ba saboda haske. Mun daidaita a kan bangon baranda ta ciki, inda rana ba ta kaiwa, kuma a bayan gilashi, da ɗan kwali tsakani don kada takardar ta manne.

Ina wanke buroshi Auta ya zo ya buɗe mini baki, ya tura haƙorinsa na gaba da harshe. Yana girgiɗi sosai. Ya ce, "Umma, ki shirya takarda, nawa ne na gaba, kuma ki sa ramin ya fito." Na ce to. Ja na ya kusa ƙarewa, sai na duba ko akwai saura a tsohon akwati kafin haƙorin ya faɗi.