Buhun yuriya da tambayoyin banki

Takin zamani nake sayarwa a Birnin Kebbi. Yawancin cinikina da manoman shinkafa na fadamun Argungu da Suru ne, sauran kuma yana ƙetarawa ta Kamba zuwa Gaya da Dosso a Nijar. Wannan na ƙetaren shi ne mai riba, shi ne kuma mai ɗawainiya.

A wurin manomi, yuriya taki ce da ke sa shinkafa ta yi kore shar. A wurin jami'in tsaro kuwa, abu ce da miyagu ke sarrafawa su haɗa bam, shi ya sa aka taƙaita safararta a Borno da Yobe da Adamawa saboda Boko Haram. Saboda haka duk wanda ya nemi rancen fitar da ita waje, ya shirya amsa tambayoyi.

Tirela guda buhu 600 take ɗauka, kuma kamfani ba ya ba da kaya bashi. Ƙaramin ɗan kasuwa irina dole ya je banki. Kafin nan sai ka yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki, NEPC, ka cike fom ɗin NXP na bayyana kayan da za ka fitar da kuɗinsu, ka kuma amince kuɗin kayan za su dawo asusunka cikin kwana 180 kamar yadda Babban Banki ya shimfiɗa. Tun da aka yi dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022, kuma hukumar FATF, mai yaƙi da halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci a duniya, ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, tambayoyin suka ƙaru. Wa zai karɓi kayan? Ina rumbunsa? Wa ya turo kuɗin, shi ko wani? Akwai lokacin da ma'aikacin bankinmu ya ce min, "Alhaji, ka yi haƙuri, idan sunan mai biya ya saɓa da na mai karɓa, ba zan iya wuce da takardar nan ba." Na ga gaskiyarsa. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara mun san abin da makami ke yi wa ƙauye, kuma ba na fatan buhun da ya fita daga shagona ya zama sanadin ran wani.

Abin da ke damuna shi ne, mai bin ƙa'ida kaɗai ake tankaɗewa. Ɗan fasa-ƙwauri ba ya neman rance, ba ya cike fom. Sefa yake karɓa hannu da hannu, ya ɗora buhuna a babur ko kwalekwale cikin dare. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mu masu takarda muka zauna, su kuwa kasuwarsu ta buɗe. Taki kuma yana da lokaci. Izinin da ya fito bayan shinkafa ta fitar da kai bai amfani kowa ba.

Bankin NEXIM, wanda aka kafa a 1991 don tallafa wa masu fitar da kaya, zai iya ware rance mai sauƙi ga dillalan da aka tantance, da sharaɗin kowane buhu a rubuta inda ya sauka. A kuma kawo wurin tantancewar nan Birnin Kebbi ko Kamba, a riƙa gama tantancewar kafin noman rani ya kankama. Ni littafin abokan cinikina yana nan, da sunan kowa da garinsa, duk jami'in da ya zo zan buɗe masa.