Sunan da ke goshin jakfilen

Asabar. Hazo tun asuba, ko Dala ba a hangowa daga bakin layinmu.

Da safe na leƙa 'Yan Katako na Na'ibawa neman guntayen afara. Na samu, har wani yaron shago ya ƙara min da ɗan guntun ƙirya kyauta. Na dawo gida wajen sha ɗaya raina fes, ina lissafin yau zan gwada jakfilen ɗin nan, wato abin feƙe katako na hannu mai jikin itace da kafintoci ke aiki da shi, da na tsinto wajen 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa, wanda nake ta nuna muku hotunansa mako uku ke nan.

Ina shiga soro na tarar da Abba a tsugune, sanfefa a hannu, garin katako duk ya ɓata masa gwiwar wando. Jakfilen ɗin na tsaye tsakanin ƙafafunsa, goshinsa ya yi fari tas kamar yau aka yanko shi.

"Kawu, na ga ya yi dauɗa ne, na ce bari in rage maka aiki kafin ka dawo. Saura banish."

Salati kawai na iya yi. Goshin nan shi ne komai. A nan masu ƙera waɗannan kaya suke buga hatiminsu, a nan kuma duk wanda ya mallaki abin yake barin sunansa. Ranar da na kawo shi baƙi ƙirin yake, maiƙo da ƙura sun daskare a kansa. Da tsumma da ɗan kananzir na bi shi a hankali, kwana da kwanaki, har harufan suka fito: A. Mathieson & Son, Glasgow, ga ɗan wata da tauraro. Mai gwangwan ma da ya ga hoton cewa ya yi ai na Turkiyya ne, saboda watan. Ba haka ba ne, alamar kamfanin ce kawai, can Sikotilan, inda Alexander Mathieson ya fara wannan sana'a a 1822. Wannan hatimin yana nan, don da ƙarfe aka doka shi, ya nutsa sosai. Abin da ya tafi shi ne na ƙasansa. Wani bawan Allah ya rubuta sunansa da ajami, ɗigo-ɗigo da tsinin ƙusa, layi ɗaya ɗan ƙarami. Na kasa karanta shi, shi ya sa na yi niyyar kai wa Baba, tsohon kafinta, yau. Ko hoto mai kyau ban ɗauka ba, kullum sai in ce sai ya ƙara fitowa.

Na yi wa yaron faɗa. Na ɗaga murya har Maman Ummi ta leƙo daga madafi. Bai ce uffan ba, ya ajiye sanfefar ya fita.

Bayan azahar na naɗe abin a tsumma na hau adaidaita zuwa Fagge. Baba na kan bencinsa, rediyo a gefe. Ya karɓa ya jujjuya, bai ko kalli goshin ba tukuna. Ya auna da ido ya ce inci goma sha bakwai, na ce haka ne. Ya nuna min ƙananan ɗige-ɗigen jikin itacen, masu kama da riɗi, ya ce irin itacen Turai ne da suke kira bic, ba ya cikin dazukanmu. Sannan ya ɗauki ƙaramar hama ya ƙwanƙwasa bayan sau biyu, weji, ɗan itacen da ke riƙe ƙarfen yankan, ya saki, ƙarfen ya zamo hannunsa. Ni kuwa kwana uku na yi ina fama kafin in fitar da shi karon farko.

"Ɗana, wannan ƙarfen ba nasa ba ne."

Na sani, ganye uku ne a jikinsa, alamar kamfanin Marples na Sheffield. Ya ce to ai shi ne shaidar an ci moriyarsa, an wasa na asalin har ya ƙare aka sa wani. Ya karkata shi wajen haske ya nuna min layin da ke bakin ƙarfen, inda aka haɗa ƙarfe mai tauri a kan mai laushi. Mai taurin ke yanka, mai laushin ke sa washi ya yi sauƙi a dutse. Ya ce saura kamar faɗin yatsa, zai kai ni har tsufa.

Sai a nan na gaya masa abin da ya faru. Ya shafa goshin da babban yatsa ya yi shiru. Ya ce lokacin da suke koyon aiki, zamanin En'e, kowa da akwatin kayansa, kuma wanda bai sa wa kayansa shaida ba sai ya wayi gari babu. Masu kuɗi su sa a yi musu hatimin ƙarfe, sauran kuwa ƙusa da hama. Na ce to yanzu shi ke nan, Baba? Ya ce da wuƙa aka yanka da shi ke nan. Amma ƙusa danne itace take yi, ba ta cire shi. In ba a goge da zurfi ba, ɗigon ruwa kan sa wurin da aka danne ya kumburo. Sai dai ya gargaɗe ni, ɗigo kaɗan, a goge nan take, don hunturun Kano ba ya wasa da tsohon itace. Ya nuna min ɗan tsagin da ke gefen bakin jakfilen, inda ƙarfen ke leƙowa, ya ce bushewa ce ta sa jikin ya matse ƙarfen har ya tsage, in riƙa sassauta weji duk lokacin da zan ajiye shi.

Daga nan ya tambaye ni, "Yaron fa, ka taɓa nuna masa abin da ke wurin?"

Ban taɓa ba. Mako uku yana zaune kusa da ni yana kallo, yana miƙo min tsumma, ban ce masa zo ka ga wannan ba. Ku na nuna wa a waya.

Baba ya mayar da ƙarfen, ya daidaita da bugu uku, ya kanne ido ɗaya ya hango ta ƙasan. Ya tura a kan afarar da na zo da ita. Wani siririn ɓawo ya fito yana nannaɗewa, dogo, bai katse ba, ana iya hango yatsa ta bayansa. Ƙarar ma daban take da ta injin. Bakin jakfilen ya yi faɗi saboda tsufa, ya ce in kawo ƙiryar nan ranar Laraba mu yi masa faci. Na sa ɓawon a aljihu.

Cunkoso a hanyar dawowa. Na manta da saƙon kayan miya.

Bayan isha na aika Ummi ta kira Abba. Ya zo ya tsaya a bakin soro kansa a ƙasa. Na ce ya riƙe min fitilar waya a karkace, daga gefe, yadda hasken zai kwanta a kan goshin. Na tsoma tsinke a ruwa na ɗiga, na goge, muka jira. Ɗigo biyar suka ɗan taso, uku a jere, biyu a sama. Shi ya fara ganinsu, ya ce, "Kawu, ga su can," da wata 'yar murya. Ba su isa harafi ba. Na so in ƙara ruwa, na tuna tsagin nan, na fasa.

Maman Ummi ta ce tuwonsa na nan a rufe tun magariba bai taɓa ba.