Daga Tema zuwa Kumasi a gaban tirela

Shekaranjiya na dawo Kano, har yanzu ƙuguna bai manta da kujerar tirelar da na hau daga Tema zuwa Kumasi ba. Kayan gyaran manyan motoci ƙirar DAF suka kai ni Gana, kuma bas na yi niyyar shiga, sai mai masaukina a Ashaiman, wani dattijo mai tireloli huɗu da ke jigila zuwa Burkina Faso, ya ce, "Malam, kai da sana'arka ke nan, me za ka gani ta tagar bas? Gobe motana zai tashi, ka zauna a gaba." Haka Hausar zango, unguwannin Hausawa a Gana, take, mota ma namiji ce, birnin Akara kuma Ankara suke kiransa. Kwana uku dattijon nan yana ciyar da ni, safe koko da ƙosai, rana shinkafa da wake irin tasu mai ja, dare tuwo, ko sidi ɗaya ya hana ni fitarwa.

Tun a wurin lodi na fara buɗe ido. Shinkafa ce, buhu mai kilo 50. Mai kayan ya so a ɗora 750, Alhaji mai masaukina ya ce 600, ko ɗaya ba zai ƙara ba. Lissafinsa a fili yake: mota mai aksil shida, wato jerin tayoyi shida daga gaba zuwa baya, ƙa'idar da ƙasashen Yammacin Afirka suka amince da ita tan 51 ce gaba ɗaya, ita kanta motar ba kaya ta kusa tan 18, buhu 600 tan 30 ke nan, ya bar wa kansa sarari. Da 750 za a tashi da tan 37 da rabi na kaya kaɗai, an wuce iyaka tun ba a bar sito ba. Kuma a sikeli ba jimla kawai ake dubawa ba, kowane aksil ana auna shi, shi ya sa direban, wanda kowa ke kira Masta, ya tsaya a kan masu lodi da kansa: kada a jibge kaya a gaba su danne kan mota, kada a tura su baya kai ya yi sakayau taya ta riƙa sulɓi a hawa. Layi ɗaya tsaye, na samansa a gicciye, kamar ginin bulo, sannan tamfol, sannan bel takwas, kowanne ya ja ya buga da hannu ya ji ya ɗaure. A Dawanau sai dai ka ji ana cewa "ƙara hamsin, ai motar tana da ƙarfi". Injin yana da ƙarfi, gaskiya ne. Birki ne ba a tambaya. Titi ma haka, don masana sun daɗe da auna cewa idan nauyin aksil ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa kwalta takan ninka kusan sau 16.

Da muka idar da sallar asuba na zaci sai tafiya. Ina! Minti arba'in muka yi a gareji. Birkin tirela da iska yake aiki, don haka Masta ya tada injin ya bar iska ta cika har allurar geji ta haura lamba 8, ya sa wa taya weji, ya saki birkin hannu, ya kashe injin, ya taka birki ya riƙe minti guda idonsa a kan geji. In allura tana zamewa ƙasa, akwai inda iska ke yoyo, kuma motar ba za ta fita ba. Yaronsa ya shiga ƙarƙashi ya ja zoben kowane tankin iska. Na farko iska zalla, na biyu ya feso ruwa kamar rabin kofin shayi. Ruwan nan shi ke cin bawul a hankali har ranar da za ka taka ka ji wayam, kuma in ya yi yawa kullum, to na'urar busar da iskar ta gaji. Sai tiyo biyu da ke haɗa kai da bodi, ja da ruwan ɗorawa, ya duba robar bakinsu, ya tabbatar ba sa gogar ƙarfe. Ya haska tocila a farantin da bodi ke hawa ya ga haƙorin ya kama, duk da haka ya danne birkin bodi ya sa giya ɗaya ya ɗan fizga, don ya ji da jikinsa.

Taya kuwa ba da ƙafa ya shure ta ba yadda yaranmu ke yi. Geji ya sa wa kowacce tun tana da sanyi, don in ta yi zafi iska takan ƙaru ta yi maka ƙarya. Tagwayen baya ya leƙa tsakaninsu ko dutse ya maƙale. Ya nuna min wani noti da tsatsa ta zubo daga gindinsa kamar hawaye, ya ce, "Malam, wannan ya fara kwancewa." Aka sa sifana, da gaske kuwa ya juya. Noti goma ne a kowace ƙafa, in ɗaya ya saki, sauran tara ke ɗaukar nauyinsa har su ma su gaji.

Mun bi babban titin Tema zuwa Akara, wanda aka buɗe a 1965 zamanin Nkrumah, muka ratsa Pokuase muka kama hanyar Nsawam. Cunkoso, ƙura, masu tallar burodi. A nan ba abin faɗa.

Bayan Suhum ne hanya ta fara nuna halinta. Wani wuri a raba take, wani wuri ta koma falle ɗaya, kai da mai zuwa kuna kallon juna, ga kwana, ga hawa da gangara, ga manyan bas-bas da ke fitowa su wuce tirela biyu a jere. Masta bai taɓa haura 70 ba. A gangara tun daga sama yake sauke giya ya kunna birkin injin, ƙafarsa sai dai ta taɓa ta saki. Wanda ya kwantar da ƙafa a birki daga sama har ƙasa, durom zai yi zafi ya buɗe, lainin ya ƙone ya yi santsi, a ƙarshen gangarar inda aka fi bukatarsa sai a tarar babu. Masu sa furi don tsimin man dizal kuwa, ya ce shi ba ya ma gaisawa da su.

Na ƙirga manyan motoci bakwai da suka lalace a gefen hanya kafin Nkawkaw. Biyu ne kawai suka ajiye alamar nan mai kusurwa uku. Sauran ganye suka karyo suka jera a kwalta, kai ka ce tsakanin Zariya da Kaduna nake. Da rana ganye ya yi amfani. Da dare, bodi baƙi ƙirin, ba fitila, ba tef mai ƙyalli, ƙaramar mota sai ta shige ƙarƙashi kafin direbanta ya san akwai abu a gabansa. A gudun kilomita 80, mota tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Wanda ya ajiye alama taku goma daga bayan motarsa bai ba kowa ko rabin daƙiƙa ba.

A wani shinge ne raina ya ɓaci. Wani mai kaki ya ɗaga mana hannu, ko sallama babu. Lasisi, inshora, takardar lafiyar mota, takardun kaya, abin kashe gobara, alama, duk aka miƙa. Da ya rasa abin kamawa sai ya juyo kaina, wai ni wane ne, me nake yi a gaban motar kaya. Na ba shi fasfo, ya jujjuya shi kamar mai sayen goro, ya tafi inuwa ya zauna da shi. Muna tsaye wata motar gawayi ta zo, lodi ya yi tsiri ya karkace gefe guda, taya ɗaya har waya ta fito. Direban ya miƙa hannu ta taga, aka ɗaga masa sanda. Masta ya ce min a hankali, "Malam, kada ka ce komai." Rabin awa ta wuce kafin ya gaji ya jefo mana takardunmu. Wannan kam ba sai na zo Gana zan gani ba.

A Nkawkaw, gindin duwatsun Kwahu, muka tsaya. Dokar hanya ta Gana ta 2012 ta ce direban haya kada ya wuce awa huɗu a jere bai huta minti talatin ba, kada kuma ya wuce awa takwas a yini. Masta ya zagaya motar yana kai bayan hannu kusa da kowace ƙafa, don wadda ta fi 'yan'uwanta zafi ko birkinta na kamawa ne ko boris ya fara ci. Ya sake jan bel, shinkafa ta zauna sun yi sako-sako. Sannan ya shimfiɗa tabarma ya yi barci na gaske. Na tambayi yaron ko maigidansa yana shan abin hana barci, ya yi dariya ya ce goro ma sai Juma'a. Sirrin dai a wurin Alhaji yake: albashin wata yake biya, da kuɗin abinci, ba kuɗin sawu ba. Direban da ake biya da sawu dole ya yi ta dare da rana, daga nan sai ƙwaya. Ba wanda ke wannan hanya da bai san abin da ya faru kusa da Kintampo a 2016 ba, da bas ta yi karo da motar tumatir mutane da dama suka rasu, amma kuɗin sawu bai daina ba, a can da nan gida duka.

Konongo, Ejisu, sai Kumasi da la'asar. Na kwana a Aboabo wurin ƙanen Alhaji.

Washegari na shiga Suame Magazine, unguwa guda ta bakanikai da kayan gyara, Ƙofar Ruwa sau ban san nawa ba. Tsada kam akwai, musamman ga mai canza naira. Wani yaro ya yi ta yaba min taya 'yar Turai, gurzanta kamar sabuwa. Na juya gefenta na karanta lamba huɗun ƙarshe, 2317, wato an ƙera ta a mako na 23 a 2017. Na nuna masa, na ce dokar ƙasarku ma shekara huɗu ta yarda. Ya ce, "Baba, kai bakanike ne?" Ya mayar da ita ciki. Tef mai ƙyalli na saya nadi uku, ya ce sidi 150 kowanne, muka daidaita a 90, ya ƙara min geji ƙarami kyauta.

Masta ya kama hanyar Techiman da Tamale zuwa Paga, kan iyakar Burkina Faso, tun kafin gari ya waye, ban same shi mun yi sallama ba. Ni kuma bas ta mayar da ni Akara, a kujerar bayan direba, wanda ya amsa waya sau tara kafin Nsawam.