Zuwa Ingila koyon Turanci a bazara: shiri tun daga gida

Bazarar Ingila tana faɗowa ne daidai daminarmu, Yuni zuwa Agusta, lokacin da makarantun koyon Turanci na Landan da Brighton da Bournemouth da Oxford suke cika maƙil. Mai son zuwa a Yuli ya fara shiri tun Maris, don masaukin da ke kusa da makaranta shi ake fara kamewa, kuma makarantu da yawa suna ƙara kuɗi a waɗannan makonni.

Kafin ka tura ko sisi, tabbatar makarantar tana da shaidar amincewa, irin ta British Council, hukumar al'adu da ilimi ta Birtaniya. Bizar baƙo ta wata 6, wadda ake zuwa irin wannan kwas da ita, ba ta halatta karatu sai a makarantar da aka amince da ita, kuma ba ta halatta aiki ko na awa ɗaya. Ana iya nema wata 3 kafin tafiya, amsa kan fito cikin mako 3, amma lokacin cunkoso takan ja. Abin da ya fi kayar da mutanenmu takardar banki ce: kawu ya zuba miliyoyi rana ɗaya a asusun da bai saba ganinsu ba, jami'in biza ya ɗauka aro ne. In wani zai ɗauki nauyinka, a sa takardar bankinsa shi kansa, da wasiƙar da ta bayyana dangantakarku. Ɗan Najeriya kuma sai ya faɗi dalilin ƙetare teku neman harshen da ya yi makaranta da shi; shirin jarrabawar ƙwarewar Turanci ta IELTS ko buƙatar wurin aiki hujja ce. Ɗan Nijar ko Chadi da ya yi boko da Faransanci, dalilinsa a fili yake. Ka kuma sa makaranta ta rubuta maka nawa za ta mayar in an hana ka biza.

Yawanci Lahadi ake sauka, Litinin da safe a gwada ka a ba ka aji, cikin matakai shida daga A1 zuwa C2. Kula da lissafi: in an ce darasi 20 a mako, galibi na minti 45 ne, wato awa 15. Mako huɗu awa 60 ke nan, alhali hawa mataki ɗaya yakan ci wajen awa 200. Saboda haka rabin karatun a wajen aji yake. Wanda ya tashi daga aji ya nemi 'yan garinsu, da Hausarsa zai koma.

Shi ya sa muke fifita zama gidan iyali a kan ɗakin kwanan ɗalibai. Za a ba ka karin kumallo da abincin dare, wanda ake ci tare wajen ƙarfe 6 ko 7, kuma hirar teburin nan ita ke warware harshe. Amma ka rubuta buƙatunka a fom tun farko: nama na halal ko kifi da kayan lambu, da gidan da babu kare. In ka bari sai ka iso, canji wuya gare shi. Sa ƙaramar buta a jaka. Banɗakinsu ba shi da magudana a daɓe, ruwan alwala in ya zuba nan zai kwanta. Yi ta a kwamin wanka, ka goge bayanka. Saɓani da masu gida yakan fara ne daga nan.

Rana ma sai ta rikita baƙo. A ƙarshen Yuni ba ta faɗuwa a Landan sai bayan 9 na dare, ta fito kafin 5 na safe. Karɓi jadawalin salla a masallacin unguwa, ka tsara barcinka tun makon farko, in ba haka ba gyangyaɗi zai cinye darasin safe.

Taho da rigar ruwa da ta sanyi mara nauyi, yamma takan yi sanyi ko a Yuli. Yi inshorar lafiya, don baƙo biya yake in an kwantar da shi a asibiti. Bas ɗin Landan ba ya karɓar tsabar kuɗi, katin bankin Najeriya kuma yakan ƙi aiki a waje, sai ka sayi katin Oyster na biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa tun a filin jirgin Heathrow.