Manhajar salla da dillalan da ke bayanta

Babu manhajar da take da hujjar neman sanin inda mutum yake kamar manhajar lokutan salla. Rana tana faɗuwa a Maiduguri kimanin rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato, kuma ba a fitar da alƙibla sai an san inda mai nemanta yake tsaye. Shi ya sa idan waya ta nuno saƙo cewa manhajar tana neman izinin sanin wurin da ake, da wuya mutum ya tsaya tunani kafin ya danna amincewa.

A watan Nuwamba na 2020 ɗan jarida Joseph Cox ya wallafa wani bincike a Motherboard, sashen fasaha na kafar Vice, wanda ya nuna cewa manhajar salla ta Muslim Pro, wadda aka sauke fiye da sau miliyan 98 a lokacin, tana aika bayanan wurin masu amfani da ita zuwa wani kamfanin Amurka mai suna X-Mode, kuma cikin masu sayen bayanai daga wannan kamfani akwai 'yan kwangilar da ke yi wa rundunar sojan Amurka aiki. Kamfanin da ya mallaki manhajar, wanda ke Singafo, ya musanta cewa yana sayar wa sojan Amurka bayanan mutane, amma ya sanar da yanke hulɗa da X-Mode nan take. A watan Disamba na shekarar Apple da Google suka umarci masu manhajoji su cire kayan X-Mode ko a kore su daga shagunansu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin shi ne yadda cinikin yake gudana, domin a nan ne yawancinmu muke kuskuren fahimta. Mai ƙera manhaja ba ya rubuta komai da hannunsa. Yana ɗauko guntayen shirye-shirye na wasu kamfanoni ya dasa a ciki, wani don nuna talla, wani don ƙidayar masu shiga. Dillalan bayanai kuwa su ne ke biyan mai manhajar kuɗi don ya dasa nasu guntun, kuma gwargwadon yawan masu amfani da manhajar gwargwadon abin da zai samu. Da zarar ka ba manhajar izini, guntun da ke cikinta ma ya samu, kamar mai gida ne ya ba ɗan haya makulli, ɗan haya kuma ya je ya yanka wa baƙinsa nasu. A fuskar waya ba za ka ga komai ba sai lokacin La'asar da kibiyar alƙibla, alhali a ƙarƙashi ana aika wurin da kake, da lokacin, da lambar talla ta wayarka, wato lambar da masu talla ke gane wayarka da ita, zuwa kwamfutocin wani kamfani da ba ka taɓa jin sunansa ba.

Amsar da dillalan suke bayarwa kullum ita ce ba sa karɓar sunan kowa, lamba kawai suke gani. Wannan amsa ba ta gamsar da ni ba. Wayar da ke kwana a gida ɗaya kowane dare, ta wuni a ofis ɗaya ko rumfa ɗaya, ta je masallaci ɗaya kowace Juma'a, ai ta riga ta faɗi mai ita. Jaridar New York Times ta gwada haka a Disamba 2019, lokacin da ta samu wani kundi mai ɗauke da alamun wuri fiye da biliyan 50 daga wayoyi miliyan 12, kuma 'yan jaridarta suka bi sawu suka gano mutane da sunayensu, har da jami'an gwamnati.

Korar X-Mode ba ta rufe kasuwar ba. A Afrilu 2022 Wall Street Journal ta ba da labarin wani kamfani mai rajista a Panama, Measurement Systems, wanda masu bincike biyu, Joel Reardon da Serge Egelman, suka gano guntunsa a manhajojin da aka sauke a wayoyi aƙalla miliyan 60, ciki har da na kiran salla da na alƙibla. Wannan ya wuce batun wuri, domin a wasu manhajojin yana kwashe lambar waya da adireshin imel da duk abin da mutum ya kwafa don ya manna a wani wuri, wanda kan iya zama lambar asusu ko kalmar sirri.

Ga wani lissafi da ya kamata ya rage mana saurin danna amincewa. Tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai gabas ko yamma ita ce ke sauya lokacin salla da minti huɗu kacal, don haka tsakanin Fagge da Hotoro a Kano bambancin daƙiƙu ne. Manhajar ba ta buƙatar sanin layin gidanku, balle ta riƙa bin ka dare da rana. Sunan gari ya ishe ta, kuma da yawa daga cikinsu suna barin mutum ya rubuta garin da hannunsa ya kashe izinin gaba ɗaya. Daga Android 12 ana iya ba manhaja wuri na ƙiyasi maimakon ainihin wurin, ana kuma iya goge lambar talla a sashen sirri na saitin waya. A iPhone kuwa, tun Afrilu 2021 dole manhaja ta nemi izini kafin ta bi sawun mutum zuwa wasu manhajoji.

Hukuma ta biyo baya, amma a makare. Sai a Janairu 2024 hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sanar da hana X-Mode, wanda a lokacin ya koma Outlogic, sayar da bayanan da ke nuna zuwan mutane wurare irin su asibitoci da wuraren ibada, wato fiye da shekara uku bayan fallasar. Najeriya ma ta samu dokar kare bayanai a Yuni 2023, wadda ta ba mutum 'yancin janye amincewarsa da neman a goge bayanansa, sai dai kafin mutum ya nemi hakan dole ya san sunan kamfanin da ke riƙe da su, kuma saƙon neman izini da ke fitowa a waya sunan manhajar kaɗai yake ɗauke da shi.