Abin da filin golf ya koya mini game da kyamara

Ɗaukar hoto sana'ata ce, golf kuwa abin hutu ne da nake yi idan aiki ya lafa. Da na fara haɗa su a filin Rayfield da ke Jos, wanda aka kafa a 1913 zamanin Turawan haƙar kuza, sai na ga ashe kishiyoyi ne: kowanne so yake ka ba shi hankalinka duka.

Golf wasa ne na buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, kuma wasu 'yan wasan suna binka a baya suna jiran ka gama. Dokokin da suka fara aiki a 2019 sun rage lokacin neman ƙwallon da ta ɓata daga minti 5 zuwa 3, sun kuma ba da shawarar kada bugu ya ɗauki mutum fiye da daƙiƙa 40. To ina mai canza gilashin kyamara zai samu wuri a nan? Shi ya sa na raba musu lokaci. Kyamara tana da sassafe, kafin 'yan wasa su fito. Idan na ɗauki sanda, sai dai waya a aljihu.

Babban darasin dai haske ne. Da tsakar rana kyamara ƙarya take yi wa fili, ta shafe tudu da kwari, komai ya fito shimfiɗe kamar tabarma. Amma idan rana tana ƙasa-ƙasa, kowane ɗan tudu sai ya yi inuwarsa, ramin yashi ya nuna zurfinsa, gangaren da ke kewaye da rami ya bayyana. Sai ka durƙusa, ka sauke kyamarar kusa da ƙasa. Wannan durƙuson ne kuma 'yan wasa ke yi kafin bugun ƙarshe, don gane inda ƙwallo za ta karkata kafin ta kai ramin da faɗinsa bai wuce inci 4.25 ba. A gaskiya hoto ya gyara mini karatun ƙasa fiye da yadda atisaye ya yi.

Yanayi ma da nasa. Da damina ciyawa shar, gajimare ya cika maka saman hoto kyauta. Da hunturu hazo yana cinye duwatsun nesa, don haka sai ka matso: hannun kadi (mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna) a kan jaka, ƙurar da sanda ta tayar. Ni na fi son hotunan rani, ko da yake masu kulob sun fi son kore. Filayen Arewa da dama sun daɗe suna amfani da yashin da aka cakuɗa da mai a kewayen rami maimakon ciyawa, saboda ƙarancin ruwa, kuma ban ga dalilin ɓoye wannan a hoto ba.

Sai ladabi. Ba a danna kyamara yayin da mutum ya ɗaga sanda, sai bayan sandar ta taɓa ƙwallo. Ƙarar kaɗai ta isa ta ɓata masa bugu. Ba a tsayawa gabansa, ba a barin inuwa ta faɗa kan hanyar ƙwallonsa. Manyan mutane kuma da yawa hutawa suka zo yi, ba sa son a gan su a Facebook. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, in ɗauka?" In ya girgiza kai, na juya kyamarar ga bishiyoyi.